Bappa Jidda da Shanunsa na Cikin Tanki

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Bappa Jidda kofin ruwa ya san ba abin gaggawa ba ne. Zai karɓa, ya ɗaga shi sama ya duba ta hasken rana, ya karkata shi hagu, ya karkata dama, ya kai hanci ya shinshina. Kana tsaye da faranti a hannu har ƙafarka ta yi sanyi, sannan ya ɗago ya tambaye ka: "Wannan ruwan daga ina ya fito, in ya bar nan kuma ina za shi?" A gidan suna haka, a gidan gaisuwa haka. Ranar da dangin mijina suka kawo kayan aurena, ruwan wanke hannu aka ajiye a gabansa, wallahi shi ma bai tsira ba. Kawun mijina ya ce, "Alhaji, daga randa ya fito, kwata za shi." Bappa ya ce, "To, ita kwatar fa?" Ni ina bayan labule, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ku da kuka san shi kun san ba ƙari nake yi ba. Waɗanda kuka zo daga baya kuwa, ƙanen mahaifina ne, injiniyan ruwa, haifaffen cikin garin Yola. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai Dada, wato uwa. Allah kuma ya haɗa mu aiki wuri ɗaya, wata babbar makarantar kwana mai zaman kanta a Jimeta. Ni ina koyarwa a gaba, shi yana can baya inda ba mai son zuwa. Kullum da safe a tsohuwar motarsa muke tafiya, shi ya sa na sha karatun da ban roƙa ba.

Duk ruwan da ya fito daga banɗakin ɗalibai da kicin da wurin wanki, wajen Bappa yake gangarawa, cikin wani ƙaton tanki na siminti. Akwai injin da ke hura iska a ciki dare da rana, ruwan yana ta ɓulɓula, kalarsa kamar shayi mai madara. A cikin ruwan nan akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke cinye ƙazantar. Daga nan ruwan ya wuce tanki na biyu ya kwanta, ƙwayoyin su nutse ƙasa su zama laka, ruwa garau ya fita ta sama a shayar da filin ƙwallo da itatuwa. Ni da ku laka za mu gani. Shi Bappa shanu yake gani.

"Na'i am," in ji shi, wato shanuna. "Babanmu ya yi kiwon masu ƙaho, ni ina kiwon marasa ƙaho. Garkensa da sanda ake ƙirga shi. Nawa kuwa, Dada, cokali ɗaya ya fi mutanen Jimeta yawa, kuma babu wanda ya taɓa shiga gonar wani."

Wata rana ya ja ni ɗakin gwaji wajen Madam Rahila, wadda ke auna masa ruwan. Mutuniyar kudancin Adamawa ce, mai haƙuri ta wani fanni, mai kaifin harshe ta wani fanni, kuma ita kaɗai ke iya ce masa a'a ya tsaya ya saurara. Ta ɗiga digo ɗaya a kan gilashi ta sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu. Na leƙa. Innalillahi! Gari guda ne a ciki. Wasu na gudu, wasu na juyi, ga wata aba mai siffar ƙararrawa a kan siririn tsinke tana ta buɗe baki tana rufewa.

"Kin gan ta?" in ji Bappa, cike da murna. "Wannan ita ce saniyar kirki. In kin gan ta, garke lafiya lau yake."

Ranar ban iya cin abincin rana ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. A mota ya yi mini tambayar: "Dada, saniya in ta ƙoshi me take yi?" Na ce kwanciya. Ya ce, "Kayya, 'yar birni! Haihuwa take yi." Shanunsa suna cin ƙazanta suna haihuwa, 'ya'ya su haifi jikoki, laka ta yi ta ƙaruwa har tanki ya kasa ɗauka. Dole a rage. Shi ya sa kusan duk mako sai Ɗanladi ya zo da motarsa mai ƙaton tiyo, ya zuƙe rarar ya yi gaba. Mai shanu na gaske addu'ar yaɗuwa yake yi, namu kuwa garkensa ne ya fi ƙarfinsa.

Shekaru ana haka ba wanda ya damu, har ranar da tambayar nan tasa ta faɗa kan motar Ɗanladi. Mun tashi aiki, motar ta fita a gabanmu, sai na ji Bappa ya ce, "Ina za ta?" Na ce, "Bappa, don Allah, yara na jira na a gida." Ina! Ya riga ya karya kan mota. Muka bi ta tiryan-tiryan, muka bar Jimeta, muka bar kwalta, har bakin fadamar tabkin Njuwa. A can akwai wani tsohon rami da aka taɓa haƙar ƙasa. Ɗanladi ya ja da baya ya buɗe famfo.

Ramin ya cika tun tuni. Wani baƙin ruwa yana tsiyaya daga gefensa, ya bi wata 'yar hanya cikin ciyawa ya gangara ƙasa. Bappa ya tattare babbar rigarsa ya bi shi da ƙafa, ni ina biye ina toshe hanci. A ƙarshen hanyar ga lambuna kore shar. Ga wata dattijuwa a tsugune tana ɗauraye damin alayyafo a cikin kududdufin da ruwan ke shiga, can gaba kuma masunta suna jan koma. Dattijuwar ta ɗago ta gaishe mu da fara'a, har ta ce mu ɗauki dami ɗaya kyauta.

Bappa ya dawo wajen Ɗanladi. Na ɗauka faɗa zai yi, amma a hankali ya ce, "Tun yaushe?"

"Oga, tun da na fara aiki. Nan kowa yake zubarwa. Wani wuri ne aka ba mu?"

Muka wuce gidansa. Ku kuwa kun san abincin da Bappa ya fi so a duniya: tuwon masara da miyar alayyafo da ɗanyen kifin karfasa, ita ma karfasar ta Njuwa. Kamar an shirya, ranar ita Inna Hajara, matarsa, ta dafa. Ta ajiye, ta buɗe, ƙamshi ya cika tsakar gida. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya mayar da murfin.

"Hajara, daga yau ba ni ba ganyen Njuwa, ba ni ba kifinta, sai ranar da motar nan ta daina zuwa can."

"Wace mota kuma? Ikon Allah! To, in sayo na wani wuri mana."

"A'a. In na ci na wani wuri, na manta ke nan. Tsohuwar can ba ta da wani wurin."

Inna Hajara ta kalle ni, ni ma na kalle ta. Na ce a raina, zuwa Juma'a ya sauko. Ashe ban san jinin da ke jikina ba.

Da aka yi wata uku yana cin miyar kuka safe da yamma, Inna Hajara ta kai ƙara wajen limamin unguwa. Liman ya zo da kansa, ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla: in mutum ya yi rantsuwa ta zame masa wahala, sai ya ciyar da miskinai goma ya warware, addini sauƙi ne. Bappa ya saurara da ladabi har ƙarshe.

"Allah ya gafarta Malam, ai ban rantse ba."

"To, Alhamdulillahi! Ka ga ma babu kaffara. Ka ci abinka."

"Shi ne matsalar, Malam. Da rantsuwa ce da na biya na huta. Wannan faɗa na yi kawai. Maganar da mutum ya faɗa da bakinsa, ina ake biyan kaffararta?"

Liman ya ɗauki takalmansa. A zaure muka ji yana ce wa Inna Hajara, "Hajiya, ki ƙara kuka a cefane."

Daga nan fa Bappa ya shiga neman yadda zai hana shanunsa haihuwa ba tare da sun daina aiki ba. Karin maganarsa ɗaya ce a bakinsa, "Ruwa ba ya tsami banza," kuma duk abin da tanki ya yi sai ya nemo dalilinsa. Abin da ya fara buɗe masa ido dogon hutu ne. Ɗalibai sun tafi gida, ƙazanta ta ragu, sai ya lura Ɗanladi bai zo ba ko sau ɗaya, ruwa kuma yana fita fes. Ya sa Madam Rahila ta yi ta aune-aune. Ranar da aka koma makaranta, tun kafin in rufe ƙofar mota ya fara.

"Dada! Yunwa ce! In abinci ya yi musu kaɗan, ɗan abin da suka samu a numfashi yake ƙarewa, ba ya isa haihuwa. In ta yi tsanani ma, masu rai su cinye matattu. Ba gawa, ba jana'iza, ba mota!"

Na ce, "Bappa, wannan ai ba shanu ba ne, mayu ne."

"Ke dai ki yi shiru. Azumi zan sa su."

Yadda ya yi shi ne, ya daina fitar da rara. Ya bar garken ya yi yawa a tanki, baki ya fi abinci yawa, kowa ya samu ɗan kaɗan. Da farko abin ya yi kyau, motar Ɗanladi ta rage zuwa. Madam Rahila ta ce ya isa haka. Amma kun san Bappa: in magani cokali ɗaya ya yi aiki, shi kwalba zai ɗaga.

"Oga, wannan laka ya tsufa fa," in ji ta. "Na duba shi, duk tsofaffi ne a ciki. Zai kawo mana wahala."

"Madam, tsofaffi su ne masu hankali."

"To. Ni dai na faɗa."

Ranar ziyarar iyaye abin ya fashe. Iyaye sun cika makaranta da kuloli da manyan motoci, sai ga wata kumfa ruwan ƙasa mai kauri ta taso daga tanki, ta tsallake bango, ta malalo har bakin filin ƙwallo. Iska tana ɗaukar gutsattsarinta tana yawo da su. Wani ƙaramin yaro da aka zo da shi ya ruga da gudu yana ihun "Askirim!", uwarsa na biye da shi ɗankwali a hannu. Mai makaranta ya iso yana haki, ya tarar da Bappa tsaye cikin kumfa har gwiwa, yana ɗiba a kwalba yana dubawa ta hasken rana.

"Injiniya! Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, azumi ne ya yi tsawo, ba a yi musu sahur ba."

Ban san yadda aka yi bai rasa aikinsa ba. Na dai san washegari a mota, mun wuce rabin hanya sai ya ce, "Matar nan ta yi gaskiya." Daga bakin Bappa wannan ya fi lambar yabo, kuma sai da na kai wa Madam Rahila saƙon. Ta ce, "Ki ce masa ya zo ya faɗa da bakinsa, ni ba na karɓan aike."

Dabara ta biyu daga kiwon kakanmu ya samo ta. Ya ce saniyar da ke ɗaure a turke ita ke ƙiba, wadda ake kora kudu da rani a dawo da ita da damina kuwa duk abin da ta ci a ƙafa yake ƙarewa. Akwai wani ƙaramin tanki a gefe da aka daina amfani da shi. Ya sa aka gyara shi, aka rufe shi ruf, babu iska babu abinci, ya raɗa masa suna mashekari, wato zangon da makiyaya ke sauka da shanu. Kullum sai a karkatar da wani kaso na laka zuwa can ya ɗan kwana cikin wahala, sannan a dawo da shi babban tanki. In sun dawo, maimakon haihuwa, farfaɗowa suke ta yi. Ya ce ya karanta cewa ana irin wannan a wasu ƙasashe, da wani dogon suna na Turanci.

"Su sai da suka yi bincike," in ji shi. "Mu tun kaka da kakanni muke yi, takarda ce kawai ba mu rubuta ba."

Wannan karon ya bi maganar Madam Rahila wajen awo, kuma abin ya zauna. Motar da ke zuwa duk mako ta koma sai an daɗe ba a gan ta ba. Na ce, "Bappa, ai ka ci rabin kifi ke nan." Ya ce, "Motar rabi take zuwa ko gaba ɗayanta?"

Sai kuma zancen tsutsa. Wannan Inna Hajara ce ta fi kowa iya ba da shi, amma tunda ta ce ta yafe, bari in ba da shi a madadinta. Bappa ya gano cewa akwai wasu jajayen tsutsotsi sirara da ke zama cikin laka a bakin ruwa, abincinsu ke nan, laka. Ya ce garke ya samu kura. Ranar wata Asabar ya tafi bakin tabki ya dawo da su fal, kuma bai samu abin zubawa ba sai babbar kular Inna Hajara, sabuwa, wadda take kai abinci gidan biki. Ya ajiye ta a inuwa a tsakar gida, ya ɗan ɗaga murfin don su sha iska, ya tafi masallaci.

Ranar kuwa 'yan'uwan Inna Hajara mata sun zo daga Mbamoi. Babbar yayarta ta ga kula, ta ce, "A'a, Hajara, har kin yi mana taliya?" Ta buɗe.

Ihun da aka yi, har maƙwabta suka shigo da taɓarya. Bappa ya dawo ya tarar da mata a kan dakali, wata a kan turmi, kula a kife, tsutsotsi suna ta mutsu-mutsu a ƙasa, kaji kuma sun samu sallah. Bai tambayi lafiyar kowa ba. Ya cire hula ya bi kaji da gudu yana cewa, "Kai! Kai! Ma'aikata ne! Ma'aikata ne!"

Inna Hajara ta ce, "Malam, ka zaɓa, ko ni ko su."

Ya tsaya yana haki, ya ce, "Hajara, ke ai kin san matsayinki. Amma ki duba, su ba sa zuwa biki."

Sati guda tana ajiye masa abinci ba magana. Tsutsotsin da suka tsira kuwa ya kai su wani kwalbati mara zurfi a bayan tanki, suka yi aiki na ɗan lokaci, zafin Yola ya zo ya kashe su tas. Ya sake kawo wasu, suka sake mutuwa. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya yi musu rumfar zana. Nan ma sai sun ga dama. A ƙarshe ya haƙura, ya ce kura ba ta kiwuwa.

Shekaru suna tafiya. Na haifi yara biyu a tsakani, gashin Bappa ya yi fari, miyar kuka ta zama kamar sunansa. In an je biki aka kawo kifi, sai ka ga ya juya kujerarsa yana hira da bango. Mu muna dariya, amma wani lokacin in na ga yadda hancinsa ke bin ƙamshin kwanon wani, tausayinsa kan kama ni har in ji abincin ya fita a raina.

Madam Rahila ce ta zaunar da shi wata rana a gabana. "Oga, ka ji ni da kyau. Laka ba zai zama sifiri ba. Akwai yashi a ciki, akwai abin da ko mayunka ba za su ci ba. Ko ka sa su azumin shekara, wani abu zai rage. Kai kana so ka mutu ba ka ci kifi ba?"

Ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Ragowar nawa ce yanzu?"

"Kaɗan."

"Za ta shanyu?"

Nan ne fa! Da, lakar ta yi yawan da babu filin da zai ɗauke ta. Yanzu da ta ragu, sai ya gina wasu fatattakan kwatamai a bayan tanki, tsakuwa a ƙasa, yashi a sama. A zuba laka a kai, ruwanta ya tsiyaye ya koma tanki, ranar Yola ta yi sauran aikin. Zafin da ya kashe masa tsutsotsi shi ne ya zama babban ma'aikacinsa. In ta bushe ƙayau sai a kankare, a tara ta ta daɗe, a zuba wa itatuwan makaranta. Ya hana a ba masu lambu, ya ce ba a kan abin da za a ci ɗanye ba. Damina ta zo, ya yi wa kwataman rufi, suka tsallake. Shekara ta zagayo cur, motar Ɗanladi ba ta shigo makaranta ba.

Zo ku ga murna wajen Inna Hajara! Ta ce walima za ta yi. Da kanta ta je bakin Njuwa ta zaɓo karfasa manya, ta sayo alayyafo a hannun masu lambu. Aka gayyaci Madam Rahila, aka gayyaci liman, har Ɗanladi Bappa ya ce a kira, don kada ya ce an raba shi da aiki an kuma hana shi tuwo. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Bappa ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya wanke hannu, aka buɗe masa kwano. Ya gutsuro tuwo, ya yi masa rami da babban yatsa, ya ɗebo miya da tsokar kifi a kai, ya yi bisimilla.

Loma tana hanya sai ya dubi Ɗanladi, cikin raha kawai, ya ce, "Ɗanladi, ka yafe mini, na kashe maka kasuwa."

Ɗanladi ya yi dariya, baki cike. "Haba Oga, ba komai! Allah ya buɗa wata ƙofa. Yanzu otel biyu nake kwasa, da wani rukunin gidaje. Aiki ma ya fi da."

"Madalla. Ina kake kaiwa?"

Wallahi na ga Madam Rahila ta miƙa ƙafa za ta taka Ɗanladi, amma ta makara.

"Can dai, Oga. Wurin da ka sani."

Hannun Bappa yana tsaye tsakanin kwano da baki, miya tana bin yatsunsa. Inna Hajara ta matso kusa, muryarta ƙasa-ƙasa, ban taɓa jin ta roƙe shi haka ba.

"Malam, naka ka gama. Lakarka ba ta zuwa. Don girman Allah ka ci."

Liman ma ya ce, "Injiniya, niyyarka a kan taka lakar ce. Ka sauke nauyi."

Bappa ya dubi lomar. Ya ce, "Motar na ce, Malam. Ban ce lakata ba. Ita tsohuwar can, in ruwan ya zo mata, tambayarsa take yi daga wane tanki ya fito?"

Ya mayar da lomar gefen kwano a hankali, ya rufe, ya tura mini. "Dada, ku ci, kada ta huce." Ya wanke hannu, ya juya wajen Ɗanladi ya gyara zama. "Wane otel da wane otel? Tankinsu babba ne? Suna da fili a baya?"

Muka ci miyar nan. Ban taɓa cin mai daɗinta ba, kuma ina ci hawaye yana zuba a kwanon. Haushinsa nake ji, ina kuma jin ban taɓa son sa kamar ranar ba.

Washegari ya sa hula ya tafi otel na farko. Suka ɗauka mai neman kwangila ne, suka bar shi a benci. Ya koma, ya sake komawa, har manajan ya gaji ya ce a kai shi baya ya ga tankin. Ya zana musu mashekari da kwatamai kyauta, ya tsaya a kan magina da kansa cikin rana. An gama na otel ɗin farko, an fara haƙa na biyu, ciwo ya kwantar da shi. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Har yau motar tana zuwa Njuwa, sai dai ta rage wuri biyu, kuma Madam Rahila ta karɓi zanen otel na biyun ta ce ita za ta ƙarasa, ko don kada ya tashi ya tambaye ta. Inna Hajara kuwa tun ranar walimar ba ta sake dafa karfasa a gidan ba. Ta ce hannunta ba ya yarda.

Ya Allah, ga bawanka Jidda nan ya zo maka da yunwar da ya ɗora wa kansa saboda mutanen da ko sunansu bai sani ba. Ka yafe masa taurin kansa, ka haskaka kabarinsa. Ka zaunar da shi a bakin ƙoramun Aljanna masu tsarki, ka sa a ajiye masa kwano a gabansa, ka bar shi ya ci har ya ƙoshi. Amin.